Scientology: addinin da ake hawa mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa

A watan Afrilun 2024, ana daf da wasannin Olamfik na Paris, Cocin Scientology ya buɗe wani katafaren gini a Saint-Denis, kusa da filin wasa na Stade de France, yankin da ƴan Afirka mazauna Faransa suke da yawa. Ko da yake yana amsa sunan coci, ba reshen Kiristanci ba ne. To, me mabiyansa suka yi imani da shi?

Wanda ya kafa shi Ba'amurke ne, L. Ron Hubbard, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya da aka haifa a 1911, ya mutu a 1986. A 1950 ya fitar da littafin Dianetics, inda ya yi iƙirarin gano tushen damuwar ɗan Adam da maganinta. A 1954 aka buɗe cocin Scientology a Los Anjeles. Bayan mutuwarsa, David Miscavige ne ke jan ragamar tafiyar.

Ginshiƙin aƙidar shi ne mutum ruhi ne marar mutuwa, wanda suke kira tetan. A cewarsu, wannan ruhi ya rayu cikin jikuna da yawa kafin wanda yake ciki yanzu, har ya manta da ainihin ƙarfinsa. Duk wani ciwo ko firgicin da ya taɓa fuskanta yana barin tabo a wani ɓoyayyen sashe na tunani, kuma waɗannan tabo ne ke haifar da tsoro, fushi da gazawa. Batun Ubangiji kuwa, sun yarda akwai Maɗaukaki, amma sun bar wa kowane mabiyi ya fahimce shi da kansa.

Hanyar wanke tabon ita ce zaman tambayoyi da suke kira oditin. Mabiyi yana riƙe da gwangwanayen ƙarfe biyu da aka haɗa da wata na'ura mai allura, E-meter, yayin da jami'in cocin ke tono masa abubuwan da suka wuce. Na'urar tana auna yadda wutar lantarki kaɗan ke ratsa fata. Cocin na cewa motsin allurar yana nuna inda damuwar take. Wanda ya gama wanke tabonsa ya kai matakin da suke kira Clear, daga nan sai matakai na sama da ba a bayyana karatunsu sai ga wanda ya iso gare su. Babban burinsu, kamar yadda Hubbard ya tsara, shi ne duniyar da babu hauka, babu masu laifi, babu yaƙi. Suna kuma tsananin adawa da likitancin ƙwaƙwalwa da magungunansa.

Inda ake kai ruwa rana shi ne kuɗi. Zaman oditin da darussan cocin suna da ƙayyadadden farashi, wanda cocin ke kira gudunmawa, kuma yana ƙaruwa yayin da mutum ke hawa. Tsofaffin mabiya da dama sun zargi cocin da tatsar dukiyarsu da raba su da danginsu masu sukarsa, zargin da cocin ke musantawa.

Shi ya sa ƙasashe suka rabu a kansa. A 1993 Amurka ta yafe masa haraji a matsayin ƙungiyar addini, kuma taurarin fim irin su Tom Cruise da John Travolta sun ƙara masa suna. A 1997 Jamus ta sa hukumar tsaron cikin gida ta fara sa masa ido. A Faransa, wata kotun Paris ta samu rassansa biyu da laifin zamba cikin haɗin baki a 2009, ta ci su tarar yuro 600,000, kusan miliyan 394 na CFA, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2013. Amma ba a haramta shi ba. A Afirka, ƙarfinsa yana Afirka ta Kudu, inda ya buɗe babbar cibiya kusa da Johannesburg a 2019.

Ƙofar shiga galibi ba wa'azi ba ce. Gwajin halayya ne na kyauta mai tambayoyi 200, da ake tallatawa a bakin titi ko a intanet. Bayan an nuna wa mutum rauninsa, sai a ba shi shawarar darasin farko, wanda shi kuma na kuɗi ne. Ga matashin da ke ƙasar waje, cikin kaɗaici da neman mafita, ya dace ya tambayi farashin mataki na gaba tun kafin ya taka na farko.