Zafi da ƙwaron taba: abubuwan da ya kamata ka sani game da ajiyar tabar siga

Akwai wata irin taba da ba a naɗe ta da takarda kamar sigarin da muka saba gani a teburin mai shayi. Ganye ne zalla, ciki da waje, ana naɗe shi da hannu, kaurinsa ya kai babban yatsa ko ya fi. Turawa na kiranta siga, mutanen Kuba kuma su ce tabako ko puro. Ita ce wadda ake gani a bakin Winston Churchill da Fidel Castro a tsofaffin hotuna. Masu sayenta kan ajiye ta shekaru suna jiran ta nuna, kamar yadda ake ajiye turaren wuta ya tsumu. Sai dai akwai mai jira tare da su a cikin akwatin ajiya, wani ƙwaro da tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba.

Wane ne wannan ƙwaro?

Masana na kiransa Lasioderma serricorne, sunan da ya samo asali daga bayanin da masanin ƙwari Fabricius ya yi a kansa a 1792. Launinsa ja ne mai duhu, kansa a sunkuye ƙarƙashin ƙirji, har ka ɗauka ƙusumbi gare shi. Yana tashi, musamman da yamma idan haske ya ragu.

Abin mamaki a lamarinsa shi ne abincinsa. Nikotin da ke cikin ganyen taba guba ce ga ƙwari, don kare kanta ma shukar take yin sa, kuma manoman Turai sun daɗe suna jiƙa taba su fesa wa amfanin gona. Shi wannan ƙwaron a cikin gubar yake kiwo. Cikin hanjinsa akwai wani nau'in yis mai suna Symbiotaphrina kochii da ke samar masa da sinadaran gina jiki, yake kuma taimaka masa wajen karya guba. Uwa kan shafa wa ƙwanta wannan yis lokacin da take saka shi, tsutsa na ƙyanƙyashewa ta ci ɓawon, ta gaji abin.

Sunan ƙwaron taba ma ya yi masa kaɗan. Yana cin busasshiyar citta, kurkum, barkono, busasshen kifi, garin hatsi, har da mannin littattafai. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye buhunan citta daga Kachia ya buɗe ya tarar ta zama huji-huji tana zubar da gari, akwai yiwuwar shi ne ya yi masa aikin. An ma tsinci gawarsa a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wato yana tare da ɗan Adam tun kafin mutanen Masar su san akwai wata aba wai ita taba.

Ɓarawon yana cikin gida tun farko

Yawancin masu ajiyar siga na zaton ƙwaron daga waje yake shigowa, sai su dage wajen rufe akwati da kyau. Yakan shigo daga waje, amma sau da yawa tare da tabar aka sayo shi.

Dubi tafiyar ganyen. A yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río a yammacin Kuba, ko a Estelí ta Nikaraguwa, ko kwarin Cibao na Jamhuriyar Dominika, ana tsinko ganye a rataye shi a rumfar shanya kusan kwana 50. Daga nan a tara shi tsibi-tsibi ya yi zafi ya tsumu, sannan a ɗaure shi dami-dami a ajiye a sito, wani na watanni, wani na shekara biyu ko fiye. Duk wannan a ƙasashe ne masu ɗumi da laima. Haka ma ganyen rufi, wato na lulluɓe tabar ta waje, da ake nomawa a gabashin Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda ya yi suna a wannan sana'a. A kowane zango macen ƙwaron na iya sauka ta yi ƙwai, kuma mace ɗaya na iya saka har kusan 100. Ƙwan fari ne, bai kai milimita ɗaya ba, yana maƙale a lanƙwasar ganye. Mai naɗi, komai ƙwarewarsa, ba zai gan shi ba. Sai ya haɗa ganyen ciki, ya ɗaure da na tsakiya, ya lulluɓe da na rufi, ya naɗe ƙwan a tsakiyar karan.

Kamfanoni sun san da haka. Suna turara sito da iskar fosfin, irin wadda ke fita daga ƙwayar da ake sa wa hatsi a ma'ajiya, amma a wurare da dama ƙwaron ya fara jure mata. Suna kafa tarkuna masu ɗauke da serikonin, sinadarin da macen ke fitarwa don kiran namiji, wanda masana a Japan suka gano a 1979. Tarkon na nuna ko akwai ƙwaro a wuri ne kawai, ba ya ƙarar da shi, tunda maza yake kamawa. Kamfanin Habanos, mai fitar da tabar Kuba zuwa ƙasashen duniya, ya shiga daskarar da kayansa kafin a yi lodi tun tsakiyar shekarun 2000. Wannan ya rage matsalar sosai. Sai dai akwai tsofaffin akwatuna da aka yi kafin lokacin, akwai tabar da ake saya kai tsaye a hannun manomi, akwai ta jabu da ake tallatawa a titunan Havana, kuma kara ɗaya mai ƙwai ya isa ya lalata na kusa da shi.

Zafi ne ke tashe shi

A nan ne zuciyar maganar take. Ƙwan da ke cikin taba ba ya cin komai. Babban ƙwaron ma ba ya cin abin kirki, kwanakinsa kaɗan ne, mako biyu zuwa huɗu, aikinsa aure da saka ƙwai. Mai ɓarnar ita ce tsutsa, 'yar fara mai gashi-gashi, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Ita kuwa zafi ne ke tafiyar da rayuwarta.

Idan wuri ya yi ƙasa da digiri 17 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, girman ƙwaron kan tsaya cak. Daga digiri 20 ya fara motsi a hankali. Idan aka kai digiri 30 zuwa 32 da laima kashi 70 cikin ɗari, ya samu yadda yake so: ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin mako guda, tsutsa ta yi makonni tana haƙa rami a cikin karan, ta yi wa kanta ɗaki ta kwanta, ta rikiɗe, sannan ta huda ganyen rufi ta fito a matsayin ƙwaro. Zagayen gaba ɗaya na iya kammaluwa cikin mako shida zuwa takwas.

Matsalar ita ce, laimar da ƙwaron ke so ita ce tabar ma ke so. Siga na buƙatar iska mai laima kashi 65 zuwa 70. Idan ta bushe, man da ke ba ta ƙamshi ya tafi, ganyen rufi ya tsage, ta ƙone da sauri da ɗaci. Idan laima ta yi yawa, ta kumbura, hayaƙi ya ƙi ja, fumfuna ta kama ta. Tunda ba za ka iya hana ƙwaron laima ba tare da ka kashe tabar ba, makami ɗaya ya rage maka, wato sanyi.

A Amurka an saba da ƙa'idar 70 da 70: digiri 70 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 21 a Salshiyas, da laima kashi 70. Tana da sauƙin haddacewa, shi ya sa ta bazu. A ganina ta yi kusa da bakin rami, domin ɗakin da ke kan 21 da safe zai iya kai 25 da azahar. Shawarar Habanos ta fi tsauri: digiri 16 zuwa 18, laima 65 zuwa 70. Abin da na lura shi ne, masu ajiya kan duba ma'aunin laima sau uku a rana, amma ba su san zafin ɗakin da akwatin yake ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwatin da aka ɗora kan talabijin, ko kusa da tagar da rana ke bugawa, ko aka manta a but ɗin mota, shi ya gayyato abin da ya same shi.

Akwatin da abin da ba zai iya ba

Akwatin ajiyar, wanda ake kira humido, ana shimfiɗa cikinsa da katakon Cedrela odorata, itacen da ke fitowa a yankunan zafi na nahiyar Amurka. Dangin maɗaci ne da darbejiya. Yana shan laima idan ta yi yawa, ya sake ta idan ta ragu, ƙamshinsa kuma ƙwari ba su cika so ba. Amma ƙamshi ba ya kashe ƙwan da ya riga ya shiga, katako kuma ba ya sanyaya komai. Ledar da ake sa kowane kara a ciki ma ba shinge ba ce, ƙwaron na huda ta.

Masu zama a ƙasashe masu zafi kan koma ga ƙaramin firijin ajiyar ruwan inabi. Irin wanda ba shi da kwamfireso ya fi dacewa da taba domin ba ya tsotse laima sosai, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne: abin da zai iya saukarwa daga zafin ɗaki bai wuce digiri 10 da ɗoriya ba. A Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, wannan ba zai kai ka 18 ba sai ɗakin da kansa na da na'urar sanyaya iska. Ga kuma ɗauke wuta. Duk lokacin da firijin ya mutu ya tashi, iskar ciki ta ɗumama ta sake sanyi, raɓa ta taru a bango, ganyen ciki ya kumbura fiye da na rufi, karan ya fashe. Sanyi mai ɗorewa a digiri 20 ya fi wa tabar alheri a kan mai kai-komo tsakanin 16 da 28, muddin an riga an kashe ƙwan.

Yadda ake daskarar da ita

Firijin abinci na gida, mai digiri 4 ko 5, ba ya wadatarwa. Binciken da Imai da Harada suka wallafa a Japan a 2006 ya nuna cewa a irin wannan sanyin sai an yi makonni kafin ƙwaron ya mutu, alhali a digiri 20 ƙasa da sifiri awa ɗaya ta isa ta kashe ƙwai da tsutsa da babba. Firiza ake buƙata. Amma awa ɗayar tana farawa ne daga lokacin da sanyin ya ratsa tsakiyar karan, kuma ganyen da aka matse cikin akwatin katako yana jinkirin ɗaukar sanyi. Shi ya sa masu ajiya ke ba shi kwana uku.

Ana sa tabar a leda mai zif, a matse iskar ciki, a ƙara wata ledar a kai don kada ta ɗauki warin nama ko kifi. Ta kwana ɗaya a firiji, ta yi kwana uku a firiza, ta dawo firiji kwana ɗaya, sannan a ajiye ta a ɗaki ba tare da an buɗe ledar ba har sai sanyin ya sake ta. Wannan matakin na ƙarshe shi mutane suka fi tsallakewa. Ka buɗe leda tabar na da sanyi, raɓa ta sauka a kanta nan take, ganyen rufi da bai fi fatar albasa kauri ba ya tsage: an gudu gara an faɗa zago. Bayan an mayar da ita akwati, a ba ta makonni ta huta kafin a taɓa.

Maganin feshin ƙwari kuwa kada ya kusanci abin da za a kunna a baki. Tabar da kanta ta isa illa, domin siga na jawo kansar baki da maƙogwaro da huhu, kuma kyan ajiya ba ya rage wannan ko kaɗan.

Idan ka ga huji

Alamar farko ita ce ɗan rami zagayayye a jikin kara, kamar an soka tsinken sakace. Ta biyu ita ce gari mai laushi, launin ƙasa, a ƙasan akwati. Ka riƙe karan a tsaye bisa farar takarda ka ƙwanƙwasa gindinsa, idan gari ya zubo, an ci cikinsa. Hujin na nufin babban ƙwaro ya riga ya fita, mai yiwuwa ya yi aure, ya saka ƙwai a maƙwabta.

Masu huji a fitar da su daga gidan gaba ɗaya, domin kwandon sharar kicin na kusa da citta da barkono. Sauran duka, har waɗanda ba su nuna komai ba, su tafi firiza. A kwashe garin da ke lungunan akwatin da injin shara, a goge katakon da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan da aka tace, a bar shi a buɗe ya sha iska. Bayan an mayar da tabar, a riƙa dubawa duk mako har tsawon wata biyu, tsawon zagayen rayuwar ƙwaron ke nan. Sabuwar tabar da aka sayo ko aka ba ka kyauta kuma ta zauna a nata mazubin daban, ko ta bi ta firiza tukuna, kafin ta haɗu da tsofaffin.