Kishin da Ba na Kishiya Ba

Ɗaliban adabin Turanci da suka zauna jarrabawar WAEC tsakanin 2021 da 2025, har da na Nguru da Gashuwa, sun sami Wuthering Heights cikin littattafan da aka tsara musu. Emily Bronte ce ta wallafa shi a Ingila a 1847, ta rasu bayan shekara guda tana da shekara 30.

Mu a nan, da an ce kishi sai hankali ya tafi ɗakin amarya da na uwargida. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta nuna a Alhaki Kuykuyo Ne, inda zuwan Delu ya fitar da Rabi daga gidan Alhaji Abdu. To, a Wuthering Heights babu kishiya ko ɗaya, kuma maza ne kishi ya fi cinyewa.

Tun kafin maganar soyayya ma wutar ta kama. Dattijo Earnshaw ya tsinto yaro a titin Liverpool, ya sa masa suna Heathcliff, ya fifita shi a kan ɗan cikinsa Hindley. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san wannan, 'yan ubanci ne tsagwaronsa. Uban na rufe ido Hindley ya mayar da yaron bara.

Sai batun Catherine, ƙanwar Hindley, wadda suka shaƙu da Heathcliff tun suna ƙanana. Kare ya cije ta a gidan masu hali, ta yi mako biyar tana jinya a can, ta dawo da sutura da yanga irin tasu. Daga baya ta amince da auren ɗan gidan, Edgar Linton. Ana yawan cewa zuciyarta ce ta sauya. Ni ban yarda ba. Idonta ne ya buɗe da daula, ta ɗauka za ta iya riƙe biyu: miji don rufin asiri, masoyi don zuciya.

Heathcliff ya ɓace shekara uku, ya dawo da kuɗin da marubuciyar ba ta faɗi tushensu ba. Ya raba Hindley da gidansa ta hanyar caca da bashi, ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, don kawai ya ƙuntata wa yayanta. Catherine kuwa ta rasu wajen haihuwa, Heathcliff kuma ya juya kan 'ya'yan da aka bari, waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba.