Daga Mosko Zuwa Beijin A Jirgin Ƙasa: Shiri Daga Kan Iyaka Yake Farawa

Duk wanda ya buɗe taswira ya bi layin dogon da ya tashi daga Mosko, ya ratsa Saberiya, ya gangara Mongoliya, ya tuƙe a Beijin, zai ga tafiya ce ta fiye da kilomita 7,600. Tsawon ne ke fara ɗaukar hankali, mutum ya shiga lissafin kwana nawa zai yi a tarago da guzurin da zai ishe shi. Amma da wuya tsawo ya ɓata wa matafiyi shiri. Daga Mosko zuwa Irkutsk kaɗai ya haura kilomita 5,000, kuma jirage na bin hanyar kullum; wanda na yau ya tsere masa zai hau na gobe. Inda tafiya ke tsinkewa shi ne 'yan tashoshin da ikon wata ƙasa ya ƙare na wata ya fara. Don haka a ganina daga can ya kamata a soma shiri, a riƙa dawowa baya har a iso ranar tashi. Haka madugan fatake suke yi a da: kafin a ɗaure kaya, madugu ya riga ya san kogin da ya kawo da ƙasar sarkin da ke da wuyar ratsawa.

Dalili na farko yana ƙarƙashin taragon kansa. Faɗin dogo a Rasha da Mongoliya milimita 1,520 ne, na ƙasar Sin kuwa 1,435, daidai da na yawancin Turai. Mu ma mun san wannan matsala a gida, domin taragon tsohon layin Legas zuwa Kano mai faɗin 1,067 ba zai iya hawa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. A garin Erlian, kan iyakar Sin da Mongoliya, akan tura taragun cikin wata doguwar rumfa, a ɗaga kowanne sama, a zare ƙafafunsa a sa masa waɗanda suka dace da dogon da ke gaba. Aikin yana cin sa'o'i. Ga kuma duba fasfo da binciken kwastan har sau huɗu: a Naushki ta ɓangaren Rasha, a Sukhbaatar da Zamiin-Uud ta ɓangaren Mongoliya, sannan a Erlian. Wannan ɗawainiya ce ta sa jiragen da ke tsallaka iyaka ba su da yawa. Shahararren jirgin nan da ya fara haɗa Beijin da Mosko ta Mongoliya a 1959 a da sau ɗaya yake tashi a mako, yana kwana shida a hanya. A farkon 2020 annobar korona ta tsayar da shi, aka shafe shekaru bai dawo ba. Ke nan tambayar farko ita ce: akwai jirgin da ke tsallaka wannan iyaka a yanzu, kuma ran wace yake tashi? Wannan ranar ce za a kafa, sauran ranaku su bi bayanta.

Sai batun biza, wanda ga mai fasfon Najeriya ya fi na dogo nauyi. Rasha, Mongoliya da Sin kowacce tana neman tata, kowacce kuma da wa'adinta. Bizar Rasha tana ɗauke da ranar shiga da ranar fita a rubuce, kuma jami'in shige da fice ba ranar da mutum ya hau jirgi yake dubawa ba, ranar da ya iso gabansa a Naushki yake dubawa. Wanda ya hau jirgi a ranar ƙarshe ta bizarsa, ya iso iyaka washegari, ya riga ya karya doka. Bizar Sin ta shiga sau ɗaya kuma galibi wata uku take bayarwa a shiga ƙasar, don haka wanda ya yi gaggawar karɓarta tana iya mutuwa yana tsakiyar Saberiya. Ga wani ƙulli kuma: ofisoshin jakadanci sukan nemi shaidar tikiti da masauki, alhali Sin ba ta fara sayar da tikitin jiragenta na cikin gida sai saura kwana 15, Rasha kuwa saura kamar kwana 90. Mafita ita ce a kama masauki da tikitin da za a iya sokewa a karɓi kuɗi, a fara da bizar da ta fi wuyar samu, a bar mai gajeren wa'adi zuwa ƙarshe. Wanda ke son faro tafiyar tun daga Jamus ko Faransa ya ƙara wa kansa bizar Shengen, mai sharaɗin inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da ƙa'idar kwana 90 cikin 180.

Siyasa ma kan iyaka take fara nuna kanta. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, jirgin Allegro da ke haɗa Helsinki da Sant Fitasbag ya daina aiki, kuma a watan ne katunan Visa da Mastercard na bankunan waje suka daina ci a Rasha. Wanda ya dogara da katin bankinsa zai tarar ko shayi ba zai iya saya ba. Intanet kuwa cike take da bayanan da suka tsufa. Misali, har yanzu akan ga an rubuta cewa duk tashoshin Rasha da agogon Mosko suke aiki, alhali tun Agustan 2018 aka koma rubuta lokacin garin da tashar take. Tsakanin Mosko da Irkutsk bambancin sa'a biyar ne, kuma kuskuren sa'a biyar ya isa mutum ya tarar da dandamalin tasha wayam.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mene ce, tun da jirgin sama zai kai mutum daga Mosko zuwa Beijin cikin kamar sa'a takwas, sau da yawa ma a kuɗi ƙasa da haka? Gaskiya ne, kuma ɗan kasuwar da kaya ke jiransa ba shi da dalilin hawa dogo. Mai zaɓen jirgin ƙasa abin da ke tsakani yake so ya gani: Kazan ta Tatarawa da masallacinta na Kul Sharif, tafkin Baikal wanda babu mai zurfinsa a duniya, hamadar Gobi. To amma wannan buri shi ma komawa yake kan shiri, domin tikitin Rasha na jirgi guda ne da gado guda. Kowane zango da tikitinsa, kowane kwana da aka ƙara kuma daga wa'adin biza ake cire shi.

Akwai kuma masu ganin yawan tsari yana kashe daɗin tafiya. Suna da hujja idan ana nufin a ƙayyade kowace sa'a tun daga gida. Abin da nake cewa a ɗaure shi ne ranakun tsallaka iyaka kawai. Cikin ƙasa guda mutum na iya sauya ra'ayi yadda ya ga dama. Sharaɗi ɗaya ne: a iso garin da jirgin iyaka ke tashi da ratar kwana guda aƙalla, kada a haɗa saukar wannan jirgi da tashin wancan a yini ɗaya. Kuɗin masaukin dare guda bai kai asarar mako ba. Wanda ya miƙa aikin ga kamfanin shirya tafiye-tafiye bai yi laifi ba, musamman wajen tikitin Mongoliya zuwa Sin, sai dai ya duba ranakun da idonsa, don shi ne zai tsaya gaban jami'i, ba wakilin kamfani ba.

Abin da ya rage mai sauƙi ne. A zaɓa tsakanin buɗaɗɗen tarago mai gado 54 da ɗaki mai gado huɗu, a nemi gadon ƙasa idan da hali. Kowane tarago yana da tukunyar ruwan zafi, don haka shayi, garin kunu da taliyar leda sun wadatar da mai gudun naman da bai san yankansa ba. Musulmi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, amma ya lura lokutan salla suna matsowa kullum tun da gabas ake nufa.

Wannan magana za ta iso ƙofar gidanmu. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a buɗe ta ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024. Da a ce jirgin ya riga ya fara aiki a lokacin, da fasinjan Maraɗi ya tsaya a Jibiya da tikitinsa a hannu.