Ɓawon Itace da Amfaninsa a Ƙasar Hausa

Ɓawo shi ne rufin da ke kare jikin itace daga rana, wutar daji da ƙwari. A ƙarƙashinsa akwai wani ɓangare mai laushi wanda ta nan abincin da ganye ya sarrafa yake gangarawa zuwa saiwa. Shi ya sa galibi itacen da aka ɓare shi zagaye yakan bushe, ko da ganyensa bai nuna alama nan take ba.

Idan an sare ɓawo da gatari don magani, sunansa ya koma sassaƙe. Akan shanya shi a daka, ko a jiƙa a sha jiƙonsa, ko a bar shi ya kwana biyu a tukunya ya zama tsimi. Sassaƙen maɗaci, wanda ɗacinsa ya ba shi suna, ya shahara wajen zazzaɓi da ciwon ciki, na marke kuwa wajen tari. Ɓawon hano, wato ararraɓi, yana saɓulewa sirara-sirara kamar takarda. Matsalar waɗannan magunguna ita ce ba kasafai ake da tsayayyen awo ba, kuma yawan sha na iya illata ƙoda ko hanta.

Ban da magani, akwai igiya. Manomi kan yago ɓawon kalgo ɗanye ya ɗaure damin itace ko dangar gona. Kuka ta fi ba da zare mai ƙarfi, kuma tana cikin 'yan itatuwan da ke sake tofo da ɓawo bayan an ɓare su. Maɗaci kuwa, da yawa a bakin hanyoyin birane yawan sara ya kashe su a tsaye.