Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sa wa Tsohuwar A-kori-kura Babban Injin

A yawancin ƙauyukanmu, a-kori-kura ce ke kai taki gona, ta kwaso amfanin gona zuwa kasuwa, wani lokaci ma ita ce ke kai majinyaci asibiti. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun manyanta. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma har yau ana ganin ƙirar 504 tana aiki tare da tsofaffin Toyota Hilux. Idan injin irin wannan mota ya gaji, mai ita yakan yi sha'awar sa mata wanda ya fi nata girma. Wannan bayani mun shirya shi ne domin manoma, direbobi da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin aiki.

Babban injin ba ya ƙara wa mota iya ɗaukar kaya

Wannan shi ne jigon maganar. Aikin injin shi ne ja. Abin da ke ɗaukar nauyi kuwa shi ne shasi, da sifirin, da aksul na baya, da tayoyi, sannan birki ne ke tsayar da motar. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100, tan ɗayan za ta ci gaba da ɗauka ko da wane injin aka sa mata. Haɗarin shi ne sabon injin yakan ɓoye wa direba nauyin lodi: mota ta hau tudu ba gargada, sai a ƙara buhuna, amma da ta zo gangare birkin da aka yi wa ƙaramin injin ya kasa riƙe ta. Saboda haka duk wanda buƙatarsa ita ce ƙarin lodi, babbar mota ya kamata ya nema, ba babban injin ba.

Zaɓi mafi sauƙi: injin ɗan gida ɗaya

Idan kuwa matsalar ita ce rashin ƙarfi a yashi, taɓo ko hawa, to ƙarin girma daidai gwargwado yana da amfani. Shawararmu ita ce a zaɓi injin da kamfanin da ya ƙera motar ya taɓa sa wa wannan ƙirar.

A gidan Peugeot 504 akwai injinan fetur masu lita 1.6 da 1.8 da 2.0, da kuma na gas mai lita 2.3. A gidan Hilux akwai na fetur irin su 2Y mai lita 1.8, da 3Y mai 2.0, da 4Y mai 2.2, da 22R mai 2.4, a ɓangaren gas kuma akwai 2L mai lita 2.4, da 3L mai 2.8, da 5L mai 3.0. Tashi daga 2Y zuwa 4Y, ko daga 2L zuwa 3L, ya fi sauƙi domin ginin injinan kusan ɗaya ne, galibi sukan zauna a mazauninsu su haɗu da giyabos ba tare da yanke-yanke da walda mai yawa ba. Bugu da ƙari, makanikai sun san su, kuma ana samun kayan gyaransu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Ɗauko injin mai silinda shida daga wata ƙira dabam a cusa a gurbin mai silinda huɗu yana jawo yanka shasi, da nauyi a gaban mota wanda ke taurara sitiyari ya cinye tayoyi.

Abubuwan da ke tafiya tare da injin

Kuɗin injin kaɗai ba shi ne kuɗin aikin ba. A yi lissafin waɗannan tun farko:

1. Lagireto. Babban injin ya fi fitar da zafi. Ƙaramin lagireto ba zai iya da shi ba, musamman a watannin Maris zuwa Mayu.
2. Kuloci da giyabos. Idan ba su kai ƙarfin injin ba, kuloci zai riƙa zamewa, haƙoran giya su lalace.
3. Birki. A sabunta shi kafin a fita da motar, ba bayan an ga matsala ba.
4. Wayoyi. Injin mai kafireto ya fi sauƙin gyara a karkara. Mai injekta yana buƙatar kwamfutarsa, da wayoyinsa, da famfon mai na lantarki; kada a saye shi ba tare da su ba.

Sauyawa daga fetur zuwa gas

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban abin dubawa. Injin gas yana da ƙarfin ja kuma ba ya shan mai kamar na fetur, amma ya fi nauyi, yana son babban batir, kuma dole a wanke tanki a sauya bututun mai da matata. Har ila yau, birkin da ke samun taimakon zuƙar iska daga injin fetur yana buƙatar famfo na musamman a injin gas. Idan aka manta da shi, birki zai yi tauri ƙwarai. A kuma kwatanta farashin gas da na fetur a yankin da ake zaune kafin a yanke shawara.

Wajen saye

Yawancin injinan da ke kasuwa 'yan kwatano ne. A je da amintaccen makaniki, a nemi a tayar da injin a gaban mai saye. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma kalar madara, alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba. A yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin gwaji.

Batun takardu

Lambar injin tana cikin takardun mota. Don haka a karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da adireshin mai shago, kuma a guji injin da aka goge ko aka sake buga lambarsa, domin yana iya zama na sata. Bayan an gama aiki, a kai motar ofishin lasisin motoci da wurin jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, a gyara takardu, a kuma sanar da kamfanin inshora. Jami'an ƙananan hukumomi su shigar da sauyin a kundin kadarori, tare da bayanin inda tsohon injin yake.

Daga ƙarshe, muna kira ga masu motoci da su fara tambayar makaniki ko tsohon injin zai gyaru. Sau da yawa sauya zobe da gyaran kan injin sun isa su dawo wa mota da ƙarfinta a kan kuɗi kaɗan. Idan kuma sauyin ya zama dole, a tsaya ga injin ɗan gida, a gyara birki, a bar lodi a inda yake. Allah Ya kiyaye hanya.