3.2 Naƙasassu da Neman Aikin Kaka a Ƙasar Amurka

A wannan fasali za a yi bayani a kan yadda naƙasassu ke neman aiki a lokacin kaka a Amurka, wato daga watan Satumba zuwa Nuwamba. A wannan lokaci ne manyan kantuna da kamfanonin kai kaya ke ɗibar ma'aikatan wucin gadi domin cinikin Kirsimeti. Alal misali, a shekarar 2023 kamfanin Amazon ya sanar da ɗaukar mutum 250,000. Haka kuma, watan Oktoba shi ne watan faɗakarwa kan ɗaukar naƙasassu aiki. Majalisar dokokin ƙasar ta fara keɓe mako guda a 1945, sannan ta mayar da shi wata guda a 1988.

Muhimmancin wannan dama a bayyane yake, domin ƙididdigar hukumar ƙwadago ta 2023 ta nuna kashi 22.5 cikin ɗari na naƙasassu ne kawai ke da aiki, alhali sauran jama'a sun kai kashi 65.8. Sai dai cin moriyar damar ya dogara ne a kan sanin abubuwa biyu.

3.2.1 Bayyana Naƙasa

Abu na farko shi ne lokacin da mai neman aiki zai bayyana lalurarsa. Dokar Naƙasassu ta Amurka, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990, ta shafi duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 15 ko fiye, kuma ba ta ware na wucin gadi ba. Dokar ta hana a tambayi mutum ko yana da naƙasa kafin a yi masa tayin aiki. Abin da aka yarda a tambaya shi ne ko zai iya gudanar da ainihin aikin. Amma wanda ke buƙatar tallafi, kamar kurma mai son tafinta a wajen ganawa, ko gurgu mai son kujera a wurin karɓar kuɗi, shi ne zai nema da kansa. Wajibi ne ma'aikata ta biya wannan buƙata, sai fa idan za ta jawo mata wahala mai tsanani. Da yake ɗibar kaka cikin gaggawa ake yin ta, wanda ya jinkirta nema yana iya tarar da an cike gurbi.

3.2.2 Tsoron Rasa Alawus

Abu na biyu shi ne fargabar cewa aikin wata biyu ko uku zai yanke alawus ɗin da mutum ke rayuwa da shi. Ga masu karɓar inshorar naƙasa, doka ta ba su watanni 9 na gwaji a cikin watanni 60, inda za su karɓi cikakken alawus komai yawan albashinsu. A 2024, watan da aka samu fiye da dala 1,110 ne ake ƙirgawa cikin watannin gwajin. Saboda haka aikin kaka yakan ci kaɗan ne daga cikinsu. Su kuwa masu karɓar tallafin marasa galihu, ƙa'idarsu daban ce: bayan an keɓe wani ɗan adadi, ana rage dala 1 daga alawus a kan kowace dala 2 da aka samu. Wajibi ne a sanar da hukuma albashin, in ba haka ba za a nemi mutum ya maido da rarar da aka biya shi.

A taƙaice, aikin kaka yakan ƙare a watan Janairu, amma yana bar wa naƙasasshe shaidar ƙwarewa da zai nemi aiki na dindindin da ita. Fasali na gaba zai duba cibiyoyin da ke horar da su.