Air Gear: Yaran da Suka So Tashi Sama da Takalmi

A ƙarshen shekarar 2002 mujallar Weekly Shonen Magazine ta kamfanin Kodansha da ke Japan ta fara buga wani labarin zane mai suna Air Gear. Mai zanen, Ogure Ito, wanda ke sa hannu da laƙabin Oh! great, ya yi ta jan zaren labarin har zuwa 2012, inda ya naɗe tabarmarsa bayan ya cika littafi 37. A 2006 labarin ya ci lambar yabo ta Kodansha a rukunin labaran samari, a shekarar ce kuma kamfanin Toei ya mayar da farkonsa fim ɗin katun mai kashi 25. Ina cikin masu ƙaunar wannan labari, ina kuma da babban ƙorafi a kansa, kuma ina ganin ya dace iyaye da matasanmu su ji duka biyun, tunda yanzu irin waɗannan littattafai suna cikin wayar kowane yaro mai intanet.

Manga shi ne sunan da mutanen Japan ke kiran labaran zanensu. Yawanci baƙi da fari ne, ana kuma karanta su daga dama zuwa hagu kamar yadda muke karanta allo. Ana fara fitar da su babi-babi a mujallu masu arha, kowane mako ko kowane wata, daga baya a tattara su littafi-littafi. Kowace mujalla da masu karatun da take nufi. Wadda ta buga Air Gear ta samari ce, 'yan sakandare da waɗanda suka ɗara su kaɗan, shi ya sa labaranta ke cike da faɗa da gasa da abota.

Ginshiƙin labarin wani takalmi ne mai taya wanda aka ɗaura wa ɗan ƙaramin inji, ana ce masa Air Treck. Babu shi a duniya, mai zanen ne ya ƙirƙiro shi. Wanda ya gwanance da shi yana gudu a jikin bango, ya bi kan wayar lantarki, ya yi tsalle daga wannan bene zuwa wancan. Matasa sun kakkafa ƙungiyoyi, kowace da tambarinta, suna karawa da dare. In za a kara sai a sa tambari a caca, ƙungiyar da ta rasa nata ta watse ke nan. Gasar hawa-hawa ce, daga ajin F zuwa ajin A, kowane aji da irin wasansa: a ƙasa tseren gudu ne kawai, a tsakiya a kulle mutum biyu cikin ɗaki su gwabza, a sama kuma a yi rububin kamo balan-balan da ke yawo a iska.

Jarumin shi ne Itsuki Minami, wanda kowa ke kira Ikki, yaro ɗan shekara 13, mai baki da rawar kai, har da wani hankaka da ya mayar da sumarsa sheƙa. Yana zaune a gidan 'yan mata huɗu 'yan gidan Noyamano, wato Rika da Mikan da Ringo da Ume. Wata ƙungiyar masu takalmi ta lakaɗa masa duka ta wulaƙanta abokansa, a nan ya gano cewa 'yan gidan da ya tashi a cikinsu suna da hannu a Sleeping Forest, ƙungiyar da sunanta kaɗai ke sa gaban masu wasan ya faɗi. Ya sa takalmin, ya ɗanɗani iska, daga nan bai ƙara waiwayowa ba. Ya tara abokansa suka kafa tasu ƙungiyar, Kogarasumaru.

A wajen zane kam, Ogure Ito gwani ne na gwanaye. Yakan ba tsalle guda ɗaya shafi biyu cur: yaro a sararin sama, garin ya koma ɗan ƙarami a ƙarƙashinsa, wayoyin lantarki sun ratsa shafin, kowace ƙusa da ke jikin tayar ta fito ɓaro-ɓaro. Takarda ce a hannunka, amma sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa.

Sai dai abin da ya riƙe ni ba Ikki ba ne. Shi tun fil azal mai baiwa ne, kowa ya san zai kai. Wanda ya shiga raina shi ne abokinsa Kazuma Mikura, wato Kazu, siririn yaro da ba ya rabuwa da hular saƙa. A farkon labarin ɗan rakiya ne kawai, kullum yana bayan Ikki, shi da kansa ma ya yarda cewa ba shi da wani amfani. Yana da gudu kamar walƙiya, amma in aka zo wurin da za a dogara da shi sai gwiwarsa ta yi sanyi. Wani babban gwani mai suna Spitfire, wanda ke riƙe da sarautar wuta a duniyar masu takalmin, shi ya hango abin da ke jikin yaron tun kafin yaron ya gani. Da aka kashe Spitfire, gadonsa ya faɗo a kan Kazu. Mai zanen bai yi gaggawar mayar da shi zakara ba. Ya bar shi ya ji tsoro, ya sha kashi, ya yi shakkar kansa littafi bayan littafi, har ranar da ya tsaya gaba da gaba da wanda ya kashe malaminsa. Duk yaron da ya taɓa zama a inuwar wani ɗan'uwa ko aboki zai ga kansa a jikin Kazu.

Akwai kuma Agito da Akito, mutum biyu a jiki ɗaya. Yaron yana rufe ido guda da ƙyalle. In ya matsar da ƙyallen zuwa ɗaya idon sai halinsa ya juye, mai sanyin hali ya koma mai zafin kai. Asalin abin shi ne yayansa ɗan sanda da ya riƙe shi kamar karen farauta, har keji yake sa shi. Ga kuma Sora Takeuchi, tsohon gwani a keken guragu, wanda ya koyar da Ikki da fara'a, ashe shi ne macijin da ke cikin ɗaki. Cin amanarsa na daga cikin wuraren da labarin ya fi taɓa zuciya. Gaskiya ne daga baya labarin ya yi ta faɗaɗa har ya fi ƙarfin mai shi, aka shigo da yaran da aka ƙera a ɗakin gwaji, da sojan Amurka, har da wani mai kama da Barack Obama, amma waɗannan yara sun ci gaba da riƙe mai karatu.

Yanzu ga ƙorafina. Akwai abin da masu bin manga ke kira fansabis, wato cusa hotunan tsiraici ko shigar banza a inda labari bai buƙata ba, don kawai a ja idon mai saye. Air Gear ya yi kaurin suna a wannan fage. Ogure Ito da zanen manya ya fara sana'arsa, kuma bai bar halin a can ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da yawa daga cikin 'yan matan da ake yi wa wannan zane 'yan ƙaramar sakandare ne. Wannan ba daidai ba ne, ko a wace ƙasa aka zana shi. Dubi Ringo: yarinya mai hankali, shugabar ƙungiya, wadda ke ɗauke da nauyin zaɓi tsakanin amanar da aka ba ta da yaron da take so. Sau da yawa ana tsakiyar nuna jarumtarta sai alƙalamin ya zubar mata da mutunci. Labarin da ke wa'azin 'yanci ya hana 'ya'yansa mata darajar da ya ba maza.

Ruwa ba ya tsami banza. Mujallun mako-mako suna cikin gasa mai zafi, suna kuma auna farin jinin kowane labari da ra'ayin masu karatu, wanda ya yi ƙasa a sallame shi. Su ma mutanen Japan ba bakinsu ɗaya ba a kan lamarin. A Disambar 2010 majalisar birnin Tokiyo ta gyara dokarta ta kare matasa don taƙaita sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasu nau'o'in zanen batsa, manyan kamfanonin buga manga, har da Kodansha, suka yi fushi suka ƙaurace wa bikin baje kolin katun na birnin.

Hujjar cewa ana iya yi ba tare da wannan ba tana cikin gidan Kodansha ɗin kansa. Tun 2020 mujallarsu Afternoon ke buga Medalist na Tsurumaikada, labarin Inori, yarinya 'yar shekara 11 mai son wasan zamiya a kan ƙanƙara, wadda aka ce ta makara. Tsutsar ƙasa take haƙowa ta kai wa mai kula da filin don ya bar ta ta shiga. Ita da kocinta Tsukasa, wanda shi ma a makare ya fara, suna gina juna da gumi da hawaye. Labarin ya ci manyan lambobin yabo, ya zama fim a 2025, da mutuncin yarinyar a cike.

Shawarata ga iyaye ita ce kada ganin zane ya sa ku ɗauka kayan yara ne. Ku karɓi wayar, ku buɗe shafukan da idonku, ku tambayi yaro abin da yake karantawa da abin da ya burge shi a ciki. Air Gear ba na ƙananan yara ba ne. Matasanmu masu sha'awar zane kuwa, ku koyi yadda aka gina Kazu, ku bar wa mai shi sauran.